Zoben Roba

Shago na huɗu ke nan da ta shiga da rishon a cikin jaka, kuma na huɗu da aka jujjuya shi aka miƙo mata abinta. Masu gyaran risho akwai cika baki, amma da sun ga wannan sai su hau sosa ƙeya. Na ƙarshen ne ya yi mata kwatancen wani tsoho a bayan layin masu walda, ya ce duk garin shi kaɗai ya san kan irinsa.

Abin bai wuce tafin hannu ba. Ƙafafu uku masu naɗewa, siririn tiyo, sai jar kwalbar ƙarfe mai ɗan famfo a baki. Mijinta mai auna filaye ne, yakan yi sati biyu a kan duwatsu da jaka a baya, kuma yana ji da rishon nan har takan tsokane shi cewa da abin ya iya hira da tuni ya sallame ta.

Ana gobe tafiyarsa ta ƙarshe ya shigo da shi yana ƙyalli, ya ce an wanke masa shi ciki da waje, ya bar mata kwalbar ya ce ta cika ta da mai. Kananzir ya ƙare a gidan. Ta yi ƙyuyar fita, ta tsiyayo fetur ɗin janareta ta zuba, alhali ba ta taɓa ganin ya sa wani abu in ba kananzir ba. Ta ce za ta gaya masa da safe, ta manta.

Safiyar farko a kan dutse aka tashi da ruwa, ya jawo rishon bakin tanti zai dafa shayi. Abokan aikinsa sun ce ƙara kawai suka ji. Wani ya samu ya shuro rishon da kwalbar waje. Mijin nata bai fito da rai ba.

Shekara biyu ke nan. Ba ta faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarta. Ta wanke hannunta da kowane irin sabulu, warin fetur na nan. Kullum da safe in ta shiga kicin sai ta ji hucin risho a bayanta, ta waiwaya, babu komai sai bango. Ta gaji, ta gwammace a gaya mata ita ce sanadi, ta san matsayinta.

Shagon tsohon ƙarami ne, da duhu-duhu, fitilu da tsofaffin tociloli rataye ko'ina. Ya baje farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukurorin wata fitila yana ƙirgawa, ya kai ƙarshe ya sake daga farko. Da ta ajiye rishon sai bakinsa ya tsaya. Ya ce ya daina taɓa irin waɗannan, an kwana biyu. Amma bai ture shi ba.

Ta zauna a benci ta zayyana masa komai, ta ga ai baƙo ne, ba za su sake haɗuwa ba. Da ta zo kan hucin da take ji, sai ya gyaɗa kai ya ce ai da sanyin safiya ya fi ƙarfi. Ta ɗauka irin lallashin tsofaffi ne.

"Baba, gaskiya nake so. Fetur ɗin nan da na zuba ne ya kashe shi?"

Ya jawo rishon, ya danna wani wuri da ko ita ba ta san yana motsi ba, tiyon ya rabu da famfon. Ya juya bakin famfon wajen hasken ƙofa, ya nuna mata wani ɗan kwarmi da ya kewaye shi.

Ya ce an ƙera rishon ne don ya ci duk man da matafiyi ya samu, kananzir, fetur, har gas, babu wanda yake ƙi. A kwarmin nan ne ya kamata a samu zoben roba, shi ke riƙe mai in an buga famfo. Da yana nan ya ƙone, da ya bar baƙin danƙo. Ga wurin nan tas. Kowane mai ta zuba, feshi zai yi a kan wutar.

"Ba ke ba ce, 'yata."

Ta sa fuska a tafin hannu ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu. Da ta ɗago ta shinshina yatsunta, ba ta ji komai ba sai sabulu. Daɗi ya kama ta har ta ji kunya.

Tsohon ya miƙa hannu can saman kantar shagon, bayan gwangwanaye, ya sauko da kwalin ashana da ya sha taɓawa har zanensa ya goge. Abu ɗaya ne a ciki, ɗan baƙin zobe da ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba. Ya ɗora shi a kwarmin, ya zauna daram. Ta ciro kuɗi, ya girgiza kai.

Ta sa masa albarka, ta rungumi jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce lallai ta taki sa'a, masu gyara huɗu sun rantse mata ba a samun kayan rishon nan a garin.

Tsohon na tsaye da kwalin a hannu, bai zauna ba.

"Ba a samu, 'yata. Wannan nasa ne. Ranar da na wanke wa mijinki rishon, sai da ya yi nisa na ɗaga ƙyallen nan na gan shi a ƙasa."