Wayar Mai Goge

Kawuna Tanimu, mai gyaran rediyo a bakin tashar Funtuwa, shi ya fara ba ni wannan labari, kuma shi ba mutum ne mai ƙarin gishiri ba, Allah ya jiƙansa. Zauna ka saurara, Zayyanu jikana, don na lura kai ma bakinka bai iya cewa a'a ba.

Wai akwai wani makaɗin jita da ke da akwatin ƙara sauti, wannan da kuke cewa amfilifaya. Da akwatin nan yake ci, da shi yake ciyar da iyalinsa, don babu bikin da ake yi a garin ba a kira shi ba. Akwatin kuwa kafa ɗaya tak gare shi ta sa waya, an yi ta ne domin jita ɗaya. To mutumin nan yana da kara, irin karar da ke cutar da mai ita. Mai garaya ya zo ya ce a jona shi, har da wani ɗan ƙaramin akwati nasa da ke ƙara wa garaya ƙarfi kafin ta shiga babban. Mai fiyano ya zo. Mawaƙi ya zo da makirfonsa. Daga baya wani tsoho mai goge, abokin ubansa, shi ma ya miƙo tasa wayar, ya ce, “Ɗana, ni ma a ji ni kafin in tafi.” Wa zai hana shi? Kawu ya gaya wa makaɗin cewa akwai wani akwati da ke raba wa kowa hanyarsa, ya nemo shi, ko kuwa ya ba mutane haƙuri. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya fere bakin wayoyin da reza, ya murɗe su wuri guda kamar mai tufka igiya, ya naɗe da leda, ya cusa a kafar nan ɗaya. Tun daga ranar akwatin ya fara wani gurnani a ƙasa-ƙasa. In mai fiyano ya danna, garaya ta nutse. In mawaƙi ya ɗaga murya, jitar mai akwatin ta ɓace, ka ga yatsunsa na motsi amma ba ka jin komai. Shi dai murmushi yake yi.

Ana nan sai tsoho mai goge ya rasu. Aka kai gogen gidansu aka rataye, amma wayarsa tana nan cikin murɗin. Mai garaya ya ce a cire ta. Mai akwatin ya ce ina, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, cire wayar nan kamar korar sa ne daga cikinsu. Haka suka riƙa yawo da ita, bakinta a sake, yana jan ƙasa.

Ranar wani wunin biki, da la'asar sakaliya, rana tana nan fes, mata sun cika tsakar gida ana rawa. Sai wani siririn sauti ya taso daga cikin akwatin, yana hawa yana sauka, yana jan rai, sak yadda tsohon ke jan gogensa. Masu rawa suka fara tsayawa. Mai fiyano ya ɗauke hannunsa. Mai garaya ya kwantar da garayarsa a cinya. Mawaƙi ya rufe bakinsa da tafin hannu. Kowa ya daina, amma sautin bai daina ba. Wata tsohuwa ta janyo jikarta jikinta tana salati a hankali, idon jama'a duk ya koma kan wayar nan da ke kwance a ƙasa ba kowa a bakinta. Maimakon makaɗin ya zare ta, sai ya murɗa ƙarar akwatin har ƙarshe, ya hau dukan jitarsa wai ya danne kukan. Aka ji ƙauri. Wani farin hayaƙi ya fito ta bayansa, sai akwatin ya yi shiru. Shi kuwa bai ankara ba, ya ci gaba da kaɗawa, jitar na ƙara kamar sauro a tsakiyar mutanen da ke neman takalmansu.

Da aka kawo wa Kawu akwatin ya buɗe, cikinsa ya ƙone ƙurmus. Ya ce an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne, kuma wayar da aka bari a sake takan kamo duk abin da ke yawo a iska. Na ce, “Kawu, har da goge?” Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce in miƙo masa buta. Allah ne masani. Abin da na sani, mai garaya da mai fiyano da mawaƙin duk sun sami wani akwatin sun jona, mai jitar kuwa ba wanda ya sake kiran sa biki.

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin nan, da safe, da matan unguwa suka fara turo min 'ya'yansu raino kamar kullum, ga ubanka a bayana, ga tukunyar sana'a a kan wuta, sai na tsaya a bakin ƙofa na ce kowa ya koma wurin uwarsa. An yi fushi da ni, aka gaji aka huce. Kai ma ka je ka duba masu rataye a wuyanka, ɗan nan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.