Waigen Kawu

Abin da na fara gani a ɗakin Kawu a Dutsin-Ma, ranar da muka zo daga Kurfi, littattafai biyu ne da ya dawo da su daga karatu a ƙasar Sham. Kowanne da hoton shugaban ƙasar, uba a tsohon, ɗansa a sabon.

Duk da kunyata na ce, "Kawu, sarauta ce?"

"A'a, zaɓe ake yi."

"To yaya ɗa ya gaji uba?"

Sai ya waiga ƙofa, ya koma raɗa, ban ji komai ba. Har yau waigen nan yana mani ciwo.

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Kawu, nan gida ne. Faɗa mani da ƙarfi."