Ƙarar Barista Kan Data Mara Iyaka

Ana tsaka da hira fuskar 'yarsa ta daskare a kan waya, baki buɗe, tana nuna masa gurbin haƙorin da ya faɗi. 'Yar da'irar nan ta shiga juyawa, ta juya, ta juya, kiran ya yanke.

Barista ya ji kamar ya haɗiye zuciya don takaici. Sau ɗaya a mako uwar yarinyar take yarda a haɗa su, ranar Asabar da hantsi, minti goma ba ƙari. Yau ko huɗu ba a yi ba. Data mara iyaka ya saya, haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a tallar, amma da wata ya yi nisa sai kamfanin ya shaƙe masa layi, hoto ɗaya ma sai an yi ta fama kafin ya buɗe.

Shi dai ba lauya ba ne. Ya zauna da lauyoyi ne ya ji yadda suke juya magana, har sassan doka suka zauna masa a ka, abokan ɗakinsa suka laƙaba masa sunan. A zauren tattaunawa na masu waya a intanet kuwa, inda mutum dubu huɗu ke wuni suna tsine wa kamfanonin sadarwa, shi ne uban tafiya. Ka yi rubutu da safe, Barista ya amsa. Ka yi da la'asar, yana nan daram. Har mamaki ake inda yake samun lokaci.

Ya juya wa ƙofa baya kamar yadda ya saba, ya zuba rubutu: "Wannan sata ce da rana tsaka! Duk wanda ya karɓi kuɗin talaka ya sayar masa da iska, ba shi da wurin zama sai kurkuku."

Zaure ya ɗauki wuta. Kafin yamma wata matashiyar lauya, sabuwar fitowa mai neman shari'ar da za ta fito da sunanta, ta ce za ta tsaya masa kyauta.

Dogo, mai kwana a gadon sama, ya leƙo da kai. "Barista, don girman Allah ka rufa mana asiri. Mu takwas muke lallaɓawa da wayar nan."

"Tsoro ne zai kashe ku," in ji Barista. "Haƙƙina ne."

Da lauyar ta nemi su haɗu, ya ce, "Ranki ya daɗe, yanayin wurin da nake ba ya barina fita." Ta yaba da mutum mai riƙe aiki haka. Ƙanwarsa ce ta riƙa kai takardu tana dawowa da su, tana ƙunƙuni.

Da aka shigar da ƙara, kamfanin ya turo lauyoyi uku masu ƙiba. Suka rantse ba su taɓa shaƙe layin kowa ba. A cewarsu, mai ƙara ɗan yawo ne, yana shiga lungunan da sabis ba ya kaiwa, sannan ya dawo yana ɗora musu laifi.

Da labari ya iso masa, Barista ya yi dariya har da hawaye. "Ni ne ɗan yawo? Ni?" Nan take ya rubuta wa lauyarsa cewa ta nemi kotu ta tilasta musu fito da bayanan layinsa kaf: inda yake, da lokacin, da komai.

"Ka tabbata?" ta tambaya.

"Ba abin da nake ɓoyewa."

Dogo ya ɗora hannu biyu a ka.

Ranar yanke hukunci wani ɗan zaure ya samu kujerar baya a kotu yana turo labari kai tsaye. Barista ya bar abincinsa ya huce a kwano, ya zauna bakin gado ya ƙura wa waya ido.

"An buɗe bayanan. Shekara uku layin bai gusa daga wuri ɗaya ba!"

"Lauyoyin kamfani sai share gumi suke."

"Alƙali ya ce ƙarya suke, sun shaƙe layi. Ya ce su saki layin, su kuma nemi gafara. MUN YI NASARA!"

Saƙonnin taya murna suka yi ta zubowa. Wani ya ce a ba shi shugabancin masu waya na duniya baki ɗaya. Barista bai ma karanta ba. Asabar kawai yake tunani, minti goma cif, ba daskarewa, ba yankewa. Daɗi ya cika shi har ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Sai ɗan rahoton ya sake rubutu: "Ku dakata. Alƙali ya koma kan takardar da ke nuna inda layin yake. Ya cire tabarau."

"Ya ce a maimaita masa cikakken sunan mai ƙara."

"Ya tashi ya shiga ofis, wai zai buga waya."

Daga nan shiru, kusan rabin sa'a. 'Yan zaure suna ta tambayar lafiya. Dogo ya hau gadonsa a hankali, ya juya fuska ga bango. Sauran shidan ma kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

Can sai ga ƙarar takalma a baranda, ba na mutum ɗaya ba, da kacau-kacau ɗin makullai. Barista ya kai hannu zai cusa wayar cikin safa, daidai lokacin da saƙon ƙarshe ya shigo, da saurin da bai taɓa gani ba a layin nan:

"Jama'a, alƙali ya ce wurin nan gidan yari ne, kuma shi da kansa ya ɗaure Barista shekara bakwai kan sayar wa mutane katin waya na bogi."