Fayil Ɗin Saje Ilu

"Saje, an ga fayil ɗinka!"

Ko jaka Alhaji Sharfaddeen bai ajiye ba ya faɗi haka, isowarsa ke nan daga Kano masaukinsu na unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ilu ya miƙe zumbur.

Shekara takwas yana bin diyyar raunin da ya samu a yaƙin Laberiya. Aka ce ya kawo takardar asibiti, ya kai. Aka ce ai sai an ga ta ranar da aka ɗauke shi soja, ita kuwa tana wani sito da ba a san mai makullinsa ba. Da zaman benci ya ishe shi, ya biyo Alhaji Guangzhou yana duba masa lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

Alhaji ya zaro wata wasiƙa daga aljihu, Ilu ya ce, "Karanta mini, Alhaji."

"Sun amince! Saura su tabbatar kai ne. Ka dangwala yatsa a nan, in mayar musu su gwada da na tsohuwar takardar."

Mai masaukin, wani dattijo Basine, ya kawo jar tawadarsa ta hatimi yana murmushi. Alhaji ya ci gaba da karatu, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Babban yatsan dama, Saje. Wai ban da shi ba su karɓar wani."

Ilu ya dubi hannun rigarsa na dama, wanda yake naɗewa ya maƙale da fil.

"Ka ce su aika Laberiya, Alhaji. Can na baro musu shi."