Kurakuran Malam Shehu Arba'in da Ɗaya

Ƙasimu ya kunna kwamfutar, ya zare takardar firinta da gangan. Allon ya ce: "Ka yi hakrui malam, babu takadra."

Jiya da hannunsa ya gyara wannan layin.

Shagon yana jikin gidan marigayi Malam Shehu a Gyadi-Gyadi. Malam ne ya rubuta manhajar rajistar ɗalibai da Hausa, ya rasu bai sayar ba. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, wata makarantar kuɗi a Tarauni ta ce za ta saya ranar Litinin, amma sai an gyara rubutun gargaɗin da manhajar ke fitarwa, kada yara su kwaikwaya. Alhaji Sani, ƙanen marigayin, ya ɗauki Ƙasimu aikin. Ya gaya masa in Litinin ta riski kuskure ko ɗaya, ya nemi wani shagon.

Kurakurai arba'in da ɗaya ne. Ya gyara ranar Talata, Laraba suka dawo. Ya sake gyarawa, Alhamis suka dawo, ko ɗaya bai yi fashi ba.

Ya zargi ɗauke wuta. Ya zargi cutar kwamfuta. Ya tambayi Talatu, matar marigayin, wadda ke share shagon da sassafe tun da ta fita takaba, ko ta ga wani ya shigo. Ta ce ban da ita ba wanda ya taka ƙofar nan.

Ranar Juma'a ya zo da rubutun sha a gora. Yana shafa wa allon kwamfutar sai Alhaji Sani ya shigo.

"Ƙasimu, injiniya na ɗauka ko mai ruƙiyya?"

"Alhaji, abin nan ya fi ƙarfin boko."

Asabar suka dawo. Sai ya gyara, ya kwafe a faifai, ya jefa a aljihu. Da faifan ya je masallaci, da shi ya je ɗaurin aure. Litinin ya miƙa shi hannu da hannu, makaranta ta saya, aikinsa ya tsira. Har yau ba ya shiga shagon sai ya yi a'uziyya.

Ni ce Talatun. Firamare kawai na yi, abu ɗaya Malam ya koya min: in kwamfuta ta canza baki, in sa jan faifai in danna maɓalli biyu, za ta koma yadda ya bar ta. Da irin wannan rubutun ya nemi aurena, kuma ban shirya wani yaro ya gyara min mijina ba.