Ledar da Yaya Ke Kaiwa Shago

Wanda ya ba ka abin da zai kwantar da kai, kuma don yana ƙaunarka ya ba ka, masoyi za a kira shi ko maƙiyi? Na juya tambayar nan har na gaji.

Tun da likita ya ce ƙodar wani tela ta raunana, matarsa ta tsaya tsayin daka. Ta rage gishiri a girki. Abin taɓawa kuwa, sai ta yanka masa tuffa da kokwamba, ta haɗa da gugguru marar gishiri a roba.

Yayarsa ce ke wucewa ta shagonsa kullum. Ranar da matar ta roƙe ta ta kai masa robar, sai ta taɓe baki.

"Ni ba na ɗaukar abincin zomo. Kin ramar mini da ƙane, wuyansa kamar allurar kekensa."

"Yaya, likita ne ya ce."

"Likita ne ya goya shi ko ni?"

Ashe Yaya tata ledar take kai masa: gyaɗa mai gishiri, soyayyen dankali na kanti, ayaba, dabino da baƙin lemon kwalba. Shi kuwa ya ci ya share baki, ya tura sauran cikin aljihun keke, ƙarƙashin zare.

Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata rana yana tsakiyar ɗinki ya kife a kan keke.

A asibiti likita ya ce gishiri ya tara masa ruwa a jiki, ayaba da dabino kuma suna da sinadarin da ƙoda mai ciwo ba ta iya fitarwa, har ya taɓa zuciyarsa. Daga yanzu sai wankin ƙoda.

Da matar ta je rufe shago ta ja aljihun keke, ta ga ledojin. Ta kwaso su, ta zube a gaban Yaya.

"Ni ina auna gishiri da ɗan yatsa, ke kina kai masa da leda?"

"Ai wannan ba abinci ba ne," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗan abin motsa baki ne."

"Ƙodar ta san da haka? Je ki gan shi da allura a jiki, ki faɗa masa."

Shi ma maigidan ba ta raga masa ba. Ta ce da hannunsa ya karɓa, da bakinsa ya ci.

Ranar da aka sallamo shi, Yaya ta shigo kicin wajen matar. Ta ɗauki wuƙa da tuffa, ta jawo robar.

"Yanka nawa ake sa masa?"

Jama'a, ƙoda mai ciwo ba ta bambanta abinci da abin taɓawa. Kafin ka miƙa wa marar lafiya wani abu don tausayi, tambayi abin da likitansa ya yarda ya ci.