Shirun Daminar Bara

Tun da aka ɗauki Lantana aikin noma a wata duniya can bayan taurari, aka ajiye wa mahaifiyarta, Iya Tabawa, 'yar ƙwarya mai haske a bakin taga. Ƙwaryar ba ta kai gaisuwa, ba ta kawowa. Sai numfashin Lantana ya kauce daga daidai take yin ƙara, saƙon kuma yakan yi watanni a hanya.

Da hantsi Gambo, maƙwabciyar Iya Tabawa, ta shigo aron rariya.

"Iya, yaya wajen Lantana?"

Iya Tabawa ta goge ƙwaryar da bakin zane, ta kara kunne, ta lumshe ido.

"Lafiya lau take, Gambo. Amma wannan shirun na daminar bara ne. Na yau yana hanya."